Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Akwai wata magana da ta zama abin yayi a bakin wasu ƴan bokonmu tun shekarar 2020, kuma har yanzu ba ta gushe ba. Duk inda aka zauna ana tattauna halin da manomin ƙasar nan yake ciki, a zauren taro ne ko a gidan rediyo ko a fada wajen shan shayi, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce: ai ku dubi Amurka, da annobar korona ta zo gwamnati ta ɗebi kuɗi ta raba wa manomanta, kowa ya ji sanyi. Sai a yi tsaki, a girgiza kai, a ce Allah ya nuna mana ranar da za mu ga haka a nan. Ni ma na taɓa girgiza kai tare da su. Amma da na bi sawun kuɗin nan, tun daga baitulmalin Washinton har zuwa aljihun da suka kwana, sai na gane kallon kitse muke yi wa rogo. Abin da ya ruɗe mu kuwa kalma ɗaya ce tak, wato kalmar manomi.

A harshenmu in an ce manomi, an san wanda ake nufi: mutum ne mai kanta a tafin hannu, wanda ya san nauyin hauya, wanda idan hadari ya taso daga gabas yakan ɗaga kai yana lissafi, wanda yake ci daga rumbunsa kafin ya kai saura kasuwa. To da muka ji an ce an raba wa manoma kuɗi, sai muka ɗauki wannan mutum namu muka kai shi can, muka hango shi yana miƙa hannu yana karɓar rabonsa. Alhali kuwa a takardun ma'aikatar noma ta Amurka wanda ake nufi shi ne mai mallaka: mai shanun, mai madarar, mai masarar da ke jibge a sito. Ko ya taɓa durƙusawa a kunya ko bai taɓa ba, takardar ba ta tambaya. Kamfani ma manomi ne a wurinsu. Wanda kuwa ya wuni a sunkuye yana tsinkar tumatir, sunansa ma'aikaci, kuma ba da shi aka yi rabon ba.

Bari mu fara da lissafi, domin kada a ce zargi ne kurum. Mai karatu ya lura, duk inda na ce dala, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A waccan shekara kowace guda ta kusa sefa 600. Ranar 27 ga Maris 2020 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan babbar dokar agaji ta fiye da dala miliyar 2,000. A cikinta aka ware miliyar 9.5 saboda masu noma da kiwo, aka kuma sake cika wani asusun gwamnati mai suna CCC da miliyar 14, asusun da aka kafa tun 1933, wanda ministan noma ke iya ɗiba daga cikinsa ba sai ya koma gaban majalisa kowane lokaci ba. Ranar 17 ga Afrilu minista Sonny Perdue ya bayyana shirin da aka sani da CFAP: miliyar 19, a ba masu gona 16 hannu da hannu, a sayi abinci da 3 a raba wa mabukata cikin kwalaye. A watan Satumba aka ƙara zagaye na biyu na miliyar 14. Da ƙura ta lafa, hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokokinsu ta ƙidaya dala miliyar 31 da aka biya masu gona fiye da 950,000 cikin 2020 da 2021. Domin mu san girman abin, duk dukiyar da ƙasar Nijar ta samar a 2020, da hatsinta da dabbobinta da uraniyom da man fetur, ba ta kai dala miliyar 14 ba.

Kuma ruwan nan a kan ƙasa mai laima ya sauka. A 2018 da 2019 gwamnatin ta riga ta biya masu gona kimanin miliyar 23, diyyar faɗan kasuwanci da ita kanta ta tsokano da ƙasar Sin. Idan aka haɗa duk tallafin da ya fita daga baitulmali zuwa gonaki a 2020 kaɗai, ya kusa miliyar 46, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinsu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukan ribar noman ƙasar a wannan shekara.

Ba na musun cewa masifa ta auku, kuma duk wanda ya musa bai yi adalci ba. Amurkawa suna kashe kusan rabin kuɗin abincinsu a wajen gida, saboda haka da aka rufe makarantu da otal-otal da gidajen cin abinci, sai wata babbar kasuwa ta ɓace dare ɗaya. Babbar ƙungiyar masu madara ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu ana zubar da lita kusan miliyan 14 kowace rana. A jihohin Fulorida da Jojiya an sa tarakta ta bi ta kan wake da kabeji da suka nuna. A Aidaho wani ya haƙa ramuka ya binne albasa kimanin tan 450. Mutumin Galmi ko na Madawa ba ya bukatar tafinta kafin ya ji ciwon wannan. A daidai waɗannan kwanaki, ranar 9 ga Afrilu, motoci kimanin 10,000 suka jeru a birnin San Antoniyo na jihar Teksas, masu su na jiran sadakar abinci. Ga mai abinci ya rasa mai saye, ga mai yunwa ya rasa abin saye. Gwamnati ta duba su biyu, ta ce wa na farko ga 16, ta ce wa na biyu ga 3. Tun daga nan mai hankali ya kamata ya soma tambaya.

Amma ainihin maganar tana wajen ma'auni, domin duk rabo ma'auninsa ke nuna zuciyar mai rabawa. A zagayen farko an duba kayan da farashinsu ya faɗi da kashi 5 cikin 100 ko fiye tsakanin Janairu da Afrilu, aka ce za a biya kaza a kan kowane kan saniya, kaza a kan kowane ma'aunin masara, kaza a kan kowane awon madara. Wato yawan abinka yawan rabonka. An sa iyaka, gaskiya ne: kada mutum guda ya wuce dala 250,000, kusan miliyan 150 na sefa. Sai dai an bar ƙofa a bayan gida, domin kamfanin da ke da masu hannun jari uku da aka ce kowanensu ya yi aiki ko shugabanci na awa 400 a shekara zai iya karɓar har 750,000. Shugabanci kuwa, kowa ya sani, ana iya yin sa daga kan kujera da wayar tarho. An kuma ce wanda kuɗin shigarsa ya wuce dala 900,000 a shekara ba ya ciki, in ban da wanda kashi 75 cikin 100 na kuɗin nasa daga noma ya fito. Ka ga ke nan an kori attajirin birni ta ƙofa, an shigo da attajirin gona ta taga.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar boka. A watan Agusta 2020 gidan talabijin na NBC ya bincika takardun biyan farko-farko, ya tarar cewa mutum ɗaya cikin ɗari na masu karɓa, waɗanda ke can ƙololuwa, sun kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na kuɗin. Goma na sama sun kwashe fiye da kashi 60. Goma na ƙasa kuwa, dukansu a haɗe, ba su kai rabin kashi ɗaya ba, kowanensu ya tashi da kimanin dala 300, abin da bai kai jika 200 ba. Ƙaramin mai lambu da ke kai kayansa kai tsaye gidan cin abinci ko kasuwar unguwa, wanda shi ne annoba ta fi naƙasawa domin kasuwarsa ce aka rufe, sai aka auna asararsa da farashin sari na ƙasa baki ɗaya, farashin da bai taɓa sayarwa da shi ba. Masu kiwon kaji na kwangila kuwa nasu ya fi ban tausayi. A tsarin can, kajin na kamfani ne, abincinsu na kamfani ne. Rumfar da bashin gina rumfar da tashin asuba su ne na mai kiwo. Da kamfanoni suka rage kawo ƴan tsaki, sai ya zauna da rumfa fayau da bashin banki, kuma da ya je neman agaji aka ce masa ai kajin ba naka ba ne. Sai a 2021 aka tuna da shi.

Na san amsar masu kare wannan tsari, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce wanda ya fi asara shi ya kamata ya fi samu. Mai shanu dubu goma ya yi asarar da ta fi ta mai shanu goma. Manyan gonaki su ke ciyar da ƙasa, in suka durƙushe kowa zai ji a jikinsa. Kuma lokacin gobara ba a tsayawa ƙidayar guga. Za su ƙara da cewa a zagaye na biyu an gyara wasu kurakurai, an buɗe wa masu ƙananan kaya hanya ta lissafin abin da suka sayar. Duk na ji. To amma idan haka ne sai a kira abin da sunansa. Biyan mutum gwargwadon dukiyarsa sunansa inshora, kuma inshora mai dukiya ke biyan kuɗinta tun kafin masifa. Agaji kuwa shi ake auna shi da bukata. A nan an ɗebi kuɗin jama'a, har da harajin mai shara da mai gadi, an yi aikin inshora da su, sa'an nan aka lulluɓe shi da mayafin agaji. Kuma manyan nan da ake tsoron durƙushewarsu ba su durƙushe ba: ribar noman Amurka a 2020, shekarar annoba, ta zarce ta 2019. Kafin ƙarshen shekara farashin masara da waken soya ya riga ya tashi saboda Sin ta dawo saye, amma kuɗin zagaye na biyu bai fasa fita ba.

Wanda ke zaton wannan kuskure ne na gaggawa, to ya tuna abin da minista Perdue ya faɗa a wajen taron masu madara a jihar Wiskonsin a watan Oktoba 2019, watanni kafin a san da wata korona. Ya faɗa ƙiri-ƙiri cewa a Amurka babba ƙara girma yake yi, ƙarami kuwa fita yake yi. A wannan shekara kaɗai gonakin madara fiye da 800 suka rufe a jihar. Mutumin da ya yi imani da haka, in ka ba shi miliyar 16 ya raba, ka san inda zai zuba. Ba ya ma bukatar ya yi maguɗi, ma'aunin kansa zai yi masa aikin.

Akwai kuma wani abin da ya kamata makiyayanmu su saurara. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kimanin kashi 85 cikin 100 na shanun turka a Amurka. Da cuta ta shiga mahautansu aka rage yanka, sai farashin saniya a tsaye ya faɗi, farashin nama a kanti ya tashi, tazarar da ke tsakani ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Tazarar nan ba iska ta ci ta ba. Gwamnati ta biya makiyayi wani abu daga asararsa, wato ta ɗebi kuɗin jama'a ta cike ramin da dillali ya haƙa, dillali kuwa ya tafi da ƙasar ramin. Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwa ranar da dillalai suka haɗa baki ya san wannan wasa, bambancin kawai shi ne a nan babu mai cike maka ramin.

Yanzu mu zo ga kura, mu ga irin bugun da ta sha. Waɗanda ke tsinka da tattara da ɗaurewa a gonakin Amurka akasarinsu baƙi ne daga Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma kusan rabinsu ba su da takardun zama. Da annoba ta zo aka ce kowa ya zauna gida, su sai aka ba su wani suna mai daɗi, aka ce su ma'aikata ne da ba a iya yi sai da su. Ma'anar wannan girmamawa ita ce su ci gaba da shiga mota a cunkushe, su kwana a ɗaki a cunkushe. Da aka aika wa kowane baligi dala 1,200 na rage raɗaɗi, marasa takarda ba su samu ba. A mahauta abin ya fi muni. A wata mahautar kamfanin Smithfield da ke jihar Dakota ta Kudu, inda ma'aikata da yawa ƴan gudun hijira ne, har da ƴan Afirka, kusan mutum 1,300 suka kamu, huɗu suka mutu. Tarar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ci kamfanin ita ce dala 13,494. A wata mahautar Tyson da ke jihar Ayowa, an kori shugabanni bakwai a watan Disamba 2020 bayan an bincika zargin cewa sun yi caca a kan yawan ma'aikatan da za su kamu. Ranar 28 ga Afrilu shugaban ƙasa ya fitar da umarni, a ƙarƙashin wata dokar lokacin yaƙi, cewa mahauta su ci gaba da aiki. Wani kwamitin majalisa ya ƙidaya daga baya cewa a manyan kamfanonin nama biyar, cikin shekarar farko, ma'aikata aƙalla 59,000 suka kamu, 269 suka rasu. An yi wa kowace saniya farashi a takardar CFAP. Mutumin da ya feɗe ta bai sami layi ko ɗaya ba.

Sai kuma baƙar fata. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun kusa miliyan ɗaya, wajen kashi 14 cikin 100 na dukan manoma. A ƙidayar 2017 ba su kai 50,000 ba. Ba fari ne ya kore su ba. Cikin abubuwan da suka kore su har da ofisoshin ma'aikatar noma na gundumomi, waɗanda suka shekara da shekaru suna hana su bashi ko su jinkirta shi har lokacin shuka ya wuce. A kan haka ne aka yi shari'ar Pigford, wadda gwamnati ta sasanta a 1999. Ta waɗannan ofisoshi ne aka bi aka raba kuɗin korona, kuma wanda ke da tsohon fayil a ciki shi ya riga kowa. A watan Maris 2021 Tom Vilsack, wanda ya gaji Perdue, ya faɗa da bakinsa cewa cikin kusan miliyar 26 da aka raba, manoma baƙar fata sun sami miliyan 20.8, wato kashi ɗaya cikin dubu. Ba a rubuta launin fata a dokar ba, ba a kuwa bukaci rubutawa ba: idan ka shekara ɗari kana rage wa mutum gona, sa'an nan ka ce za ka raba kuɗi gwargwadon girman gona, tsohon zalunci ka biya lada. Sabuwar gwamnatin Joe Biden ta sa kimanin miliyar 4 a dokar Maris 2021 domin yafe bashin manoman da aka daɗe ana dannewa. Wasu manoma farar fata suka ruga kotu suna kukan wariya, alƙalai suka tsayar da shirin a watan Yuni, a watan Agusta 2022 majalisa ta soke shi ta musanya da wani. Sai a Yuli 2024 aka biya kimanin miliyar 2 ga mutum 43,000 da suka nuna an yi musu wariya. Miliyoyin dubbai na farko cikin makonni suka fita, ba wanda ya kai ƙara.

Kada kuma mu manta da lokacin. Zagaye na biyu, a wajen gangamin yaƙin neman zaɓe Trump ya sanar da shi, a Wiskonsin, ranar 17 ga Satumba 2020, ƙasa da mako bakwai kafin zaɓe. Kwalayen abincin talakawa ma, gab da zaɓe aka umarci a riƙa saka wasiƙa mai sa hannun shugaban ƙasa a ciki. Mu da muka saba ganin buhun shinkafa da turmin atamfa suna yawo ƙauye-ƙauye lokacin kamfe, ba mu da abin koyo a nan. Sai dai idan mu muka yi, sunansa sayen ƙuri'a, kuma akwai masu sa ido da za su zo daga nesa su rubuta rahoto a kai.

Wani zai ce, to ina ruwan Bamaraɗe ko Badamagare da yadda Amurkawa suka raba kuɗinsu? Ruwanmu ya yi tsaki a ciki, domin mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Tun shekarun 1980 hukumomin kuɗi na duniya masu mazauni a Washinton, FMI da Bankin Duniya, suka kafa mana sharaɗi cewa gwamnati ta janye hannunta daga noma. Aka rage tallafin taki da kayan aiki, aka takaita aikin OPVN, SONARA da asusun bashin manoma suka rushe. Ban ce waɗannan ma'aikatu tsarkaka ba ne. Bashi ya yi musu katutu, hannaye da yawa sun shiga cikinsu, kuma hannayen namu ne. Amma da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba sai wa'azi, cewa kasuwa ita ce alƙali. Mun ga hukuncin alƙalin a 2005, lokacin da aka yi ta jan ƙafa wajen raba cimaka kyauta don gudun kada a ɓata kasuwa, aka tsaya kan sayarwa da rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, har sai watan Agusta. A shekarar nan likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a ƙasar nan, mafi yawansu a jahar Maraɗi, inda hatsi ke cike da kasuwa.

Maƙwabtanmu masu auduga sun fi mu sanin zafin wannan. A farkon shekarun 2000 masu noman auduga kimanin 25,000 a Amurka suna karɓar tallafin da ya kai miliyar 3 zuwa 4 a shekara, abin da ya danne farashi a duniya. Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kuka taron ƙungiyar cinikayya ta duniya a Kankun a 2003, aka watse ba a share musu hawaye ba. Barazil, da yake tana da ƙarfin kai ƙara da na ramuwa, ta yi nasara, har Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 aka rufe magana. Da korona ta zo, auduga na cikin kayan da CFAP ya biya. Mu kuwa a watan Afrilu 2020 FMI ta ba Nijar dala miliyan 114.5 domin fuskantar annobar, ga ƙasa baki ɗaya, kuma bashi ne. Abin da aka ba masu gonar Amurka kyauta ya ninka wannan sau 270. Ban ce kada su tallafa wa nasu ba. Kowace ƙasa mai hankali tana tsaron rumbunta, Turai ma haka take yi tun 1962. Abin da na ce shi ne, duk wanda ya sake zuwa da jakar takardu ya gaya mana cewa tallafin noma guba ne, a tambaye shi me ya sa yake shan sa da ludayi a gidansu.

Amma fa faɗana na yau ba da baƙo ba ne, da ƴan'uwana ne masu girgiza kai. Idan muka ƙi wa'azin, ba dole ne mu karɓi ma'aunin ba, kuma ina tsoron ma'aunin ya fi wa'azin sauƙin shigowa, domin yana da masu marhabin da shi a cikin gida. Mu tuna abin da muka yi da hannunmu a 2020. An sami mai cutar na farko ranar 19 ga Maris, aka rufe iyakoki, aka killace Yamai, a daidai lokacin da albasa ke fitowa kuma ƴan ci-rani ke shirin komowa gida kafin damana, ga iyakar Najeriya a rufe tun Agusta 2019. Agajin da ya fi amo a jawabin hukuma shi ne ɗaukar nauyin kuɗin wuta da na ruwa na watanni biyu ga masu ƙaramin ƙarfi. Madalla, amma sai mai lantarki da famfo a gidansa, kuma mafi yawan manoman ƙasar nan da fitila da rijiya suke kwana. Mu ma ke nan mun bi takardar da ke hannunmu, ta kai mu ƙofar wanda dama sunansa ke rubuce.

Abin kunyar shi ne muna da ma'auni namu, kuma ya fi nasu. A al'adar ƙasar Hausa mutum ba ya zama sarkin noma don ya tara dami dubu kawai. Sai ya yi bikin dubu, ya buɗe rumbu, jama'a sun ci sun ɗiba, sa'an nan a kira shi da sunan. Girman gona nauyi ne da ke ɗora maka bayarwa. Zakkar hatsi ma haka: wanda amfaninsa ya kai nisabi shi ke fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban ruwa ya yi da wahalarsa, a kai wa wanda bai kai ba. Tsarin CFAP zakka ce da aka kifa: mai dami dubu ya zo da takarda, a ƙidaya masa damunansa, a biya shi a kan kowanne, mai dami uku ya taya da haraji.

To a ce gobe mun wayi gari da kuɗi, aka ce a yi irin rabon can a nan, a biya gwargwadon hekta da yawan buhu da kan dabba, kowa ya zo da takardar gona da lambar asusun banki. Mun san wanda zai riga kowa isa ofis: babban ɗan kasuwa da tsohon ma'aikacin gwamnati masu garka a bakin kogi, masu garken da wani ke kiwata musu a daji. Matar da ke noma gamana a gonar mijinta a ƙasar Dakwaro ba ta da takarda, domin gonar ba tata ba ce. Makiyayin da ke bin shanun Alhaji ba shi da ita, domin shanun ba nasa ba ne. Ɗan barema da ya bar tasa gona ya je noman wani don ya sami tiya guda ta daren nan, shi ko sunansa ba za a tambaya ba. Idan suna son sanin yaushe nasu zai iso, su tambayi takwarorinsu na can. A watan Satumba 2021 ma'aikatar noma ta Amurka ta sanar da cewa za a ba ma'aikatan gona da na mahauta wani abu saboda wahalar da suka sha lokacin annoba. Dala 600 ce, sau ɗaya, kuma sai a 2023 ta soma shiga hannunsu.